Kwamfuta Ta Daskare: A Bincika Kafin A Goge

'Yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa ta mujallarmu shi ne wani abu da ya faru a kan idona a zangon karatun da ya wuce, wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Wata 'yar ajinmu tana rubuta kundin digirinta a kan Hausar mazauna Sabo, wato yadda daɗewar zama da Yarabawa ya shafi kalmominsu da karin harshensu. Ta yi wata uku tana zarya wurin wani dattijo, tsohon mafataucin goro, tana ɗaukar muryarsa da waya. Duk hirar da ta ɗauka sai ta juye ta a kwamfutarta, ta goge ta waya saboda ƙarancin wuri. Hira tara suka yi, sannan Allah Ya yi wa dattijon rasuwa. Ana cikin haka kwamfutar ta fara daskarewa, sai ta yi kamar rabin awa tana aiki, sannan ta tsaya cik. Ta kai ta wurin wani mai gyara, ko kunna ta bai gama yi ba ya ce, "Hajiya, bairos ne, sai an yi fomatin." Ya tambaye ta ko akwai abin da take buƙata a ciki, ita kuwa hankalinta na kan rubutun kundi, ta ce yana cikin filash. Aka goge komai. Bayan kwana biyu kwamfuta ta koma gidan jiya. Da aka kai ta wurin wani dabam ya kwance ta, sai ga ƙura ta toshe mafitar iska, ta yi curi kamar auduga. Ya share ta, tun daga ranar ba ta sake tsayawa ba. Muryar dattijo kuwa ta tafi ke nan. Garin neman gira an rasa ido.

Ra'ayina a kan wannan al'amari a fili yake. Daskarewar kwamfuta alama ce, ba ita ce cutar ba, kamar yadda zazzaɓi yake alama a jikin mutum. Goge kwamfuta kafin a gano dalili ganganci ne. Sannan binciken farko haƙƙin mai kwamfuta ne, ba na mai gyara ba, kuma mu ɗaliban harshe mun fi ƙarfin wannan bincike fiye da yadda muke zato.

Kalma Huɗu, Ciwo Huɗu

Idan ka saurari yadda muke kai ƙarar kwamfuta, za ka ji magana guda ce: "Ta ƙi yi." To amma Hausa ba ta yi talaucin kalmomi haka ba, kuma mu da ake koya wa bambancin ma'ana bai kamata mu dunƙule komai wuri ɗaya ba. Akwai kwamfutar da ta yi nauyi, tana aiki amma da jan ƙafa. Akwai wadda manhaja ɗaya ta maƙale a cikinta, sauran kuwa lafiya lau. Akwai wadda ta daskare gaba ɗaya, kibiyar da ke kan fuskarta ba ta motsi, agogonta ma ya tsaya. Akwai kuma wadda ta ɗauke, wato ta mutu da kanta ko ta sake kunna kanta ba tare da an taɓa ta ba. Waɗannan abubuwa huɗu ba dalilinsu ɗaya ba. Nauyi ya fi zuwa daga yawan kaya. Maƙalewa laifin manhajar ce ko shafin da aka buɗe. Daskarewa gaba ɗaya takan nuna zafi, ko faifan ajiya da ya fara lalacewa, ko saɓani tsakanin babbar manhaja da wani ɓangare na inji. Ɗaukewa kuwa a fara duba zafi da batir da caja.

Akwai ɗan gwaji mai sauƙi na rarrabe su. Danna maɓallin Caps Lock ka duba 'yar fitilarsa, in akwai ta. Idan tana kunnuwa tana mutuwa, to kwamfutar da ranta, wani abu ne ya riƙe ta. Idan ba ta amsa ba, daskarewar ta kai ga tushe. Wanda ya iya gaya wa mai gyara, "Takan daskare bayan rabin awa, ƙasanta ya yi zafi, fanka na ƙara," ya riga ya yi masa rabin aiki, kuma da wuya a yi masa yankan baya.

Abin da ke Faruwa a Ciki

Ɗauki kwamfuta kamar shagon tela. Furosesa shi ne telan da kansa, mai yin aikin. Ram shi ne teburin da yake shimfiɗa yadin da yake ɗinkawa a yanzu. Faifan ajiya kuma shi ne ɗakin kaya da ke bayan shago. Muddin abin da ake ɗinkawa ya samu wuri a tebur, aiki na tafiya. Da zarar tebur ya cika, dole tela ya riƙa kai wani yadin ɗakin baya yana ɗauko wani, sai ya zama yawo ya fi ɗinki yawa. Haka Windows take yi idan ram ya cika, sai ta ari wani yanki na faifai ta mai da shi tebur. Tsohon faifai mai juyawa, irin wanda ke cikin yawancin kwamfutocin tokumbo da muke saya, yakan juya sau 5,400 a minti guda, amma duk da haka tafiyar hawainiya yake yi in an gwada shi da ram. Wannan shi ne asalin mafi yawan nauyin da muke kuka da shi.

Ita Windows tana da ƙa'idarta. Idan manhaja ta yi kamar daƙiƙa 5 ba ta amsa kira ba, sai ta sa fuskarta ta yi fari-fari, ta rubuta cewa ba ta amsawa. Wannan ba ya nufin manhajar ta mutu. Sau da yawa tana can tana fama da wani babban aiki ne, kamar buɗe kundi mai shafi ɗari da hotuna. Abin da muke yi kuwa shi ne mu yi ta danna ɓera kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma, alhali kowace dannawa wani sabon aiki ne muke ƙara mata a layi. Zafin nema ba ya kawo samu. A ba ta minti biyu ko uku tukuna.

Tambayoyin da Ya Kamata Mu Yi

Tambaya ta farko: wa ya cinye wurin? Danna Ctrl da Shift da Esc lokaci guda, wani allo zai fito mai jera duk ayyukan da ke gudana. Layin farko na alƙaluma na furosesa ne, na biyu na ram, na uku na faifai. Duba wanda ya kai kashi 90 ko 100 cikin ɗari, sannan ka duba wace manhaja ce ta ɗauki kaso mafi tsoka. Daga nan kana iya rufe ta ita kaɗai, ba sai ka kashe kwamfutar ba.

Ta biyu: yaushe take yi? In bayan ta jima a kunne ne, ko da rana tsaka, ko lokacin da ka ɗora ta a kan katifa, to zafi ne. Furosesa in ya yi zafi yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, in abin ya wuce kima ya kashe kwamfutar. Katifa da filo suna toshe ramukan shan iska da ke ƙasa, ƙurar hunturu kuma, ko a nan Kudu, tana taruwa a fanka shekara da shekaru. Ɗora ta a kan tebur ko faranti, ka ga ko za a samu canji.

Ta uku: me ya canja? Ruwa ba ya tsami banza. Kwamfutar da ke lafiya makon jiya ta fara daskarewa yau, to an sa mata wani abu, ko sabuwar manhaja, ko sabuntawa, ko filash, ko wata na'ura da aka jona. Cire abin da ya zo ƙarshe ka gwada. Wani abin da na sha gani shi ne manhajar kariya biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, kowace na binciken 'yar'uwarta, su taru su shaƙe inji. Guda ɗaya ta isa, kuma Windows tana zuwa da tata, wato Microsoft Defender.

Ta huɗu: faifan lafiya yake? Idan kwamfuta na tsayawa duk lokacin da ka buɗe wani fayil, ko kana jin ƙas-ƙas daga cikinta, kada ka tsaya wani bincike, kwashe kayanka tukuna. Faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa, kuma manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo tana karanto shi. Faifan da ya fara mutuwa fomatin ba ya warkar da shi.

Ta biyar: ko dai kayan sun fi ƙarfin jakin? Windows 11 ba ta yarda da ƙasa da gigabait 4 na ram ba, kuma wannan na shiga ƙofa ne kawai. Wanda zai buɗe Word da burauza da Praat, ga fayil ɗin murya na awa guda, zai ji a jikinsa. Ƙara ram, ko musanya tsohon faifai da sabon samfurin da ba ya juyawa, wato SSD, ya fi sayen wata kwamfutar araha nesa ba kusa ba.

Ƙa'idar da ta ɗaure waɗannan duka ita ce a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mun san wannan daga darasin tsarin sauti. Idan muna son tabbatar da cewa sautuka biyu dabam suke, kalmomi biyu muke nema da suka yi daidai a komai sai wuri ɗaya, kamar "bari" da "ɓari", ko "kafa" da "ƙafa". In ka canja abu uku a tare, ba za ka san wanne ya kawo bambancin ba. Mai fomatin ya canja komai a lokaci guda, shi ya sa ko an samu sauƙi ba a san dalili ba, kuma in ciwon ya dawo babu abin da aka koya.

Idan Burauza Ce

Yawancin abin da muke kira daskarewar kwamfuta a yau na burauza ne, domin a cikinta muke wuni. Tun da Chrome ta fito a 2008 aka fara raba shafuka, kowane rukuni da nasa aikin, don kada shafi ɗaya ya faɗi ya ja sauran. Dabara ce mai kyau, amma kuɗinta ram ne. Ɗalibin da ya buɗe shafi talatin, ga ƙamus, ga muƙalu, ga YouTube, ga WhatsApp, shi ya cika teburin tela da hannunsa.

A cikin Chrome ko Edge ko Firefox, danna Shift da Esc, za ka ga jerin shafukan da abin da kowanne ke ci. Sau da yawa shafi ɗaya ne mai tallace-tallace da bidiyo ke riƙe da kowa. Rufe shi. In abin bai bari ba, zargi ya koma kan ƙananan manhajojin da muke liƙa wa burauza, irin na sauke bidiyo da na fassara da na gyaran rubutu. A Chrome danna Ctrl da Shift da N, taga ta sirri za ta buɗe, wadda a bisa al'ada ba ta tafiya da waɗannan liƙe-liƙe. Idan shafin ya yi aiki lafiya a can, ka kusa kama ɓarawo, sai ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka gano shi. In bidiyo ne kaɗai ke daskarar da ita, akwai wani zaɓi a cikin saitin burauza da ke miƙa aikin hoto ga katin hoto, kashe shi ka gwada. Haka kuma gwada shafin a wata burauzar. In ya maƙale a duka biyun, laifin shafin ne ko na layin intanet, ba na kwamfutarka ba. A rarrabe tsakanin shafin da ke jiran intanet da burauzar da ta daskare: na farko kana iya matsawa zuwa wani shafin, na biyu ba ka iyawa.

Sai batun tsufa. Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023, ita ma Windows 10 kamfanin Microsoft ya rufe tallafinta na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025. Tsohuwar burauza da sababbin shafuka ba sa jituwa, kuma wannan ma ba bairos ba ne.

To, Bairos Fa?

Na san wani zai ce, ai bairos gaskiya ne. Haka ne, wa ya isa ya musa? Duk wanda ya taɓa kai filash shagon buga takardu ya dawo ya tarar fayilolinsa sun ɓuya, ya san da shi. Abin da nake ja a kai shi ne mai da shi amsar kowace tambaya, kamar yadda wasu ke ɗora wa iska kowane ciwo. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 suka faɗi a duniya, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Ba bairos ba ne. Sabuntawa ce mai kuskure daga kamfanin CrowdStrike, wanda aikinsa ma kare kwamfuta ne. Maganin kuwa shi ne a kunna kwamfutar a yanayin gwaji a cire fayil guda. Da dabararmu aka bi, da an goge miliyoyin kwamfutoci a banza.

Wani misalin ya fi burge ni. A watan Yuli na 1997 hukumar NASA ta Amurka ta sauke na'urar Pathfinder a duniyar Mas. Ba a jima ba kwamfutarta ta fara maƙalewa tana sake kunna kanta, ga ta a nisan da babu mai iya zuwa ya taɓa ta. Injiniyoyin suka yi ta gudanar da irinta a ɗakin gwaji har matsalar ta sake faruwa a gabansu. Suka gano wani ƙaramin aiki ne ya riƙe abin da babban aiki ke jira, ayyuka matsakaita kuma sun hana ƙaramin ya gama ya saki. Suka aika ɗan gyara ta iska, magana ta ƙare. Ba su fi mu hannu ba, haƙurin tambaya suka fi mu.

Wani kuma zai ce, mu ba injiniyoyi ba ne, kuma mai gyara ya fi mu sani. Ban ce mu kwance kwamfuta da kanmu ba, kuma ban yi wa masu gyara kuɗin goro ba, akwai ƙwararru masu amana a cikinsu, kamar wanda ya gano ƙurar nan. Amma mu yi wa kanmu adalci. Mutumin da ke da kwamfuta goma a gabansa, ga kuɗin man janareto, fomatin ne hanyarsa mafi sauri. Shi bai san abin da ke cikin faifanka ba, bai san dattijon Sabo ba. Kai ka sani. Akwai lokacin da goge kwamfuta shi ne daidai, amma matakin ƙarshe ne, kuma ko an zo nan ana iya kwashe kaya tukuna. A mafi yawan kwamfutocin da muke riƙewa ana iya ciro faifan a jona shi da wata, ko a tayar da ita daga filash a kwafe fayiloli. Ita kanta Windows tana da hanyar sabunta kanta ta bar maka fayilolinka. Duk mai gyaran da ya ce babu lokacin wannan, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Kira Ga Sashenmu

Asarar ɗalibin harshe ba irin ta kowa ba ce. Rubutu in ya ɓata ana iya sake shi, ko da kuka. Amma muryar tsohuwa mai tatsuniya, ko ta dattijon da ya san tarihin zango, ba a sake ta. Har ila yau wanda ya buga aikinsa da tsofaffin samfuran haruffa na musamman, in aka goge kwamfuta suka tafi, sai ya buɗe kundinsa ya tarar ɓ da ɗ da ƙ sun rikiɗe sun koma wasu alamomi.

Don haka ina da shawara uku. Ta farko gare mu: kowane aiki ya zauna a wuri uku, kwamfuta da filash da intanet. Google Drive na ba da gigabait 15 kyauta. Murya ta awa guda mai cikakken inganci takan kai megabait 600, in an matse ta kuwa ta dawo kamar 60. A ɗora matsattsiyar a intanet, asalin kuma a adana shi a faifai biyu, domin shi ake buƙata wajen nazarin sauti. Word takan adana abin ceto duk minti 10, amma yatsa ya saba da Ctrl da S ya fi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu ga ƙungiyarmu ta ɗalibai: a ware awa biyu a farkon kowane zango, waɗanda suka ɗan iya su nuna wa sababbi waɗannan abubuwa a aikace, kuma da Hausa. Ta haka ne ma za mu daidaita kalmomin fannin, maimakon mu jira wasu su ƙirƙiro mana.

Ta uku ga malamanmu, cikin girmamawa: sashe ya tanadi faifai guda na ajiya, a sharɗanta cewa duk wanda ya ɗauko murya daga fagen bincike ya kawo kwafi cikin mako guda, da izinin mai muryar. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, kuma nan da shekara goma zai zama taskar Hausar mazauna Kudu.

Kammalawa

'Yar ajinmu ta gama kundinta da abin da ta rubuta a littafin fage da kuma hira da wasu mutanen, ta kuma ci jarrabawa. Amma ta gaya mini akwai wasu kalmomin cinikin goro da ta ji a bakin dattijon nan, ta ce za ta rubuta in ta sake saurare, har yau ba ta samu wanda ya san su ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ranar da taka ta daskare, ɗauke hannu daga maɓallin kashewa, ka tambayi kanka: nauyi ta yi, ko maƙalewa, ko daskarewa, ko ɗaukewa? Yaushe ta fara, kuma me na sa mata? Kayana suna wani wurin? Sai ka amsa waɗannan sannan ka nufi wurin mai gyara. Allah Ya ba mu sa'ar karatu, Ya jiƙan magabatanmu, amin.